Me ya haɗa gashin kek da binciken kisan kai?

"Assalamu alaikum Malama. Ina sana'ar kek da cincin a gida, kuma ina son karance-karance. Kwanan baya ƙawata ta ba ni aron wani littafin Turanci mai hoton kek da kyanwa a bango, na ɗauka na soyayya ne ko na koyon girki. Ban yi nisa ba sai ga gawa, kuma wai mai shagon biskit ce ke neman wanda ya yi kisan. Bayan kowane babi biyu ko uku sai a dakata da labari a kawo yadda ake haɗa wani kek. Na ji daɗinsa, amma na kasa gane kansa. Me ya haɗa kisa da girki? Ina 'yan sandan garin da har mai gashin biskit za ta riga su? Su kuma girke-girken na gaske ne in gwada, ko ado ne kawai?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Abin da ya faɗo hannunki ba ɓatan kai ba ne na marubuci ɗaya. Reshe ne guda na ƙagaggun labaran bincike, yana da dokokinsa da masoyansa, kuma a Amurka da Ingila kantunan littattafai kan ware masa kanta. Tambayarki uku ce: daga ina abin ya samo asali, me ya sa mai gashi ce jaruma, sai kuma amfanin girke-girken. Ni malamar adabi ce, na daɗe ina karanta irin waɗannan littattafai, na kuma ƙona fulawa ba kaɗan ba wajen gwada abin da ke cikinsu. A fannin labari zan yi miki magana da ƙarfin gwiwa. A fannin kwaɓi kuwa kin fi ni hannu, don haka abin da na faɗa ki auna shi da saninki.

Turawa na kiran wannan reshe "kozi". Kalmar na nufin irin ɗumi da natsuwar da mutum ke ji in ya lulluɓa da bargo da sanyin hunturu, ga kofin shayi a hannu. Sunan kansa alkawari ne ga mai karatu: za a yi kisa, amma ba za a nuna miki jini ba, ba batsa, ba ashar, ba za a taɓa yaro ko dabba ba, kuma kafin shafin ƙarshe za a kama mai laifi.

Inda abin ya faro

Tushensa Ingila ne, tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. A 1930 marubuciya Agatha Christie ta fitar da littafi na farko mai tsawo na Miss Marple, wata tsohuwa da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a wani ƙagaggen ƙauye, aikinta saƙa da gyaran lambu da sauraron zancen mutane. Ba ta da bindiga, ba ta da takardar izinin kama kowa. Abin da take da shi sanin halin ɗan Adam ne: duk wanda ta gani sai ya tuna mata da wani a ƙauyensu, mahauci ko 'yar aiki ko mai kanti, wanda ya taɓa yin irin wannan ƙaryar. Duk wata mai shagon kek da ke bincike a littattafan yau jikanyar wannan tsohuwa ce.

Abinci ma tun a can ya shigo, ta ƙofar guba. Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin yaƙin farko, ta san magungunan da ke kisa, ta kuma yi amfani da su sosai a labaranta. Ki duba abin da guba ke yi wa labari. Ba ta buƙatar ƙarfi, don haka tsohuwa da matashiya da gurgu duk suna cikin zargi. Ba ta zubar da jini. Sannan ba mai iya sa ta sai wanda ya isa ya kusanci kwanon mamaci, wato na gida ko wanda aka amince da shi. Da zarar an ce guba ce, tambayar ta koma: wa ya dafa, wa ya zuba, wa ya miƙa, wa ya shiga kicin? Daga nan zuwa mai girki ta zama jaruma taku ɗaya ne.

Amurkawa ne suka yi wannan takun. Akan ambaci Virginia Rich da littafinta na 1982 a matsayin wadda ta buɗe hanyar labarin bincike na girki. A 1990 Diane Mott Davidson ta fara jerin labaran wata mai girkin taro a jihar Kolorado, da girke-girke a cikin littafin. A 2000 kuma Joanne Fluke ta kawo Hannah Swensen, mai shagon biskit da kofi a wani ƙagaggen ƙaramin gari na jihar Minesota, tana da ƙaton muzuru da uwa mai matsa mata ta yi aure. Jerin ya haura littattafai 25, kuma daga 2015 tashar talabijin ta Hallmark ta fara mayar da su finafinai. Daga yadda kika siffanta bangon, ba mamaki ɗaya daga cikinsu ne, ko ɗaya daga ɗimbin waɗanda suka bi sawunta.

Me ya sa mai gashi?

Nan ne gishirin tambayarki, kuma nan ne nake ganin mutane da yawa ke yi wa waɗannan littattafai gurguwar fahimta. Ana ɗauka shagon kek ado ne da aka liƙa wa labarin kisa don mata su saya. Ni a wurina shagon shi ne injin da ke tuƙa labarin.

Duk marubucin da ya zaɓi mai binciken sa-kai yana da matsala babba tun shafin farko: mece ce hujjar wannan baiwar Allah ta tsoma baki a kisan kai? Mai hankali in ya ga gawa ya kira hukuma ya koma gida ya kulle ƙofa. Dole a ba ta dalilin da ya fi tsoro ƙarfi. Mai sayar da abinci kuwa dalilinta a shirye yake, domin jarinta amana ce. Ranar da aka ce wani ya ci kek ɗinki ya mutu, ko da daga baya an gano ba ke ba ce, kasuwa ta riga ta watse. Ke da ke sana'ar kin fi ni sanin haka. A littafin Davidson na farko an sa wa wani guba a zaman makokin da jarumar ta yi wa girki, hukuma ta rufe mata sana'a, ga ta bazawara da ɗa a gabanta. Ba son tsegumi ya fitar da ita ba, neman abin sawa a baka ne. A na Fluke na farko an tsinci gawar mai kawo madara a bayan shagon, biskit ɗinta a warwatse kusa da shi. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na M. C. Beaton na 1992 a Ingila: jarumar baƙuwa ce a ƙauye, tana son a san da ita, sai ta sayo abin gashi a wani kanti a Landan ta shigar da shi gasar ƙauye a matsayin aikin hannunta. Alƙalin gasar ya ci ya mutu. Kin ga tsaka mai wuya: ko ta amsa ta yi maguɗi, ko ta amsa ta yi kisa.

Bayan dalili sai hanya. Ki tuna dillaliya ko mai kitso a unguwa. Ba gidan da ba ta shiga, har ƙuryar ɗaki, kuma ba mai ɓoye fuska don ta shigo. A ƙaramin garin Amurka mai shagon biskit ce ke riƙe da wannan matsayi. Ita ake kira ranar biki, ita ake kira ranar rasuwa, taron coci da na makaranta da na 'yan siyasa duk tana gefe tana jera faranti, kuma mai jera faranti ba a ganin ta, sai a yi ta zance a gabanta. In tana son jin ta bakin matar mamaci ba sammaci take aikawa ba. Kwanon biskit mai ɗumi take ɗauka ta je gaisuwa. Wa zai kori mai gaisuwa da kwano a hannu? A zauna, a ɗora ruwan kofi, kuka ya zo, magana ta biyo baya. Ɗan sanda in ya ƙwanƙwasa ƙofa kowa ya kama bakinsa, yana auna kowace kalma. Ita kuwa ana gaya mata abin da ba a ma san shaida ba ne. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai kuma abin da na fi daraja, wanda da shi nake bambance gwanin marubuci da ɗan koyo: ilimin sana'ar ya zama shi ya warware kisan. Wata ta ce ƙarfe bakwai tana gida ta kwaɓa burodi, ƙarfe bakwai da rabi ta fitar da shi daga wuta. Ɗan sanda zai rubuta ya wuce. Mai gashi kuwa ta san kwaɓin yis ba ya tashi har ya gasu a rabin awa, to ina matar take a wannan lokacin? Ko wani ya rantse bai shiga kicin ba, alhali ya san kek ɗin na kirfa ne tun ba a yanka ba. In marubuciya ta iya wannan, mai karatu zai yarda cewa lallai wannan matar ce kaɗai za ta iya ganowa. In ba ta iya ba, sai ki ga an cire mai kek an sa mai sayar da furanni labarin bai canza ba. Irin waɗannan suna da yawa a kasuwa, ba na ɓoye miki.

Har lokacin aikinta ma yana taimaka wa marubuci. Mai gashi kan fito tun da asuba gari shiru, ita ke fara ganin motar da ta kwana inda bai kamata ba, ita ke fara tuntuɓe da gawa. Kuma kusan kullum za ki ga an ba ta abokiyar aiki mai haƙuri da ke tsare shago, in ba haka ba yaushe za ta samu sukunin yawon bincike?

Su kuma 'yan sanda suna nan. Yawanci ma akan sa ɗaya a cikin dangi ko masu neman aurenta. Ita Hannah mijin ƙanwarta ɗan sanda ne, ɗaya daga cikin manemanta biyu ma haka. Ta nan take tsintar abin da binciken likita ya nuna, ta nan kuma ake ja mata kunne ta fita daga sha'anin hukuma, ita kuma ta ce to, gobe ta koma. Marubuci mai rauni yakan mayar da 'yan sandan wawaye don jarumarsa ta haskaka. Mai ƙarfi yakan bar su da hankalinsu, sai dai doka ta ɗaure su da hujjar da za ta tsaya a kotu, ita kuwa ba abin da ya ɗaure ta, tana iya bin jita-jita har ta kai ta ga gaskiya.

Ƙaramin gari da wasan ɓad da sawu

Garin dole ya zama ƙarami don a iya ƙirga waɗanda ake zargi, mutum biyar ko shida, duk kin san su, duk sun sha shayi a shagon. Mamacin ma akan zaɓe shi da gangan: mai gidan haya marar imani, mai ba da bashi da ruwa, mai sukar abincin mutane a jarida. Mutuwarsa ba za ta sa ki kuka ba, kuma kowa na da dalilin jin haushinsa. Wannan lissafi yana da abin dariya a cikinsa. Shirin talabijin na Amurka da 'yar wasa Angela Lansbury ta fito a ciki daga 1984 zuwa 1996, inda take marubuciya mai bincike a wani ɗan ƙaramin garin bakin teku, ya sa har yau masu karatu na zolayar cewa irin waɗannan garuruwa masu lumana sun fi manyan birane haɗari. Gari mai mutum dubu uku, gawa talatin, kuma duk mace ɗaya ke tsintar su! Mai karatu ya sani, marubuci ya san ya sani, an dai yi yarjejeniya a kau da kai.

Abin da ba a kau da kai a kansa shi ne adalci ga mai karatu. Tun 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma na labarin bincike, kuma wasu daga ciki har yau ana bin su: mai laifi ya zama wanda aka ambata tun farkon labari, ba a kawo gubar da ilimi bai san da ita ba, kuma duk alamar da mai bincike ya gani a nuna wa mai karatu. Saboda haka littafin wasa ne tsakaninki da marubuciya. Ta ajiye miki komai a fili, sai dai ta binne shi cikin hira. Ni dai dabarata ita ce in sa ido a wuraren da labari ya yi kamar ya tsaya: ana wanke kwanuka, ana gardamar wane kek za a kai taro, wata ta ambaci a wuce cewa wane ya daina shan sukari. A irin wannan wuri ake jefa alamar gaske. Wanda kuwa aka nuna miki yana zare ido yana barazana tun babi na uku, yawanci ɓad da sawu ne.

Girke-girken

Na gaske ne, kuma ana gwada su. Masu karatu a can kan gasa su su kai taron ƙungiyar karatu. A cikin labari kuma suna aikin numfasawa: an tayar miki da hankali da gawa, sai a zaunar da ke a ce auna kofi biyu na fulawa. Girki abu ne da in kin bi ƙa'ida sakamako zai zo yadda aka ce, kuma irin wannan tabbacin ne littafin gaba ɗaya ke sayarwa.

Amma kafin ki kunna wuta ga abin da na koya da asarar kayana. Ranar da na fara gwada wani biskit na cakulan, na auna fulawa da gwangwanin madara yadda muka saba, bota kuma na zuba yadda aka rubuta. Abin da ya fito faifai ɗaya ne shimfiɗe a tire, sai da cokali muka ci. Kofin Amurka kusan mililita 240 ne, gwangwanin madara bai kai haka ba. In sun ce sandar bota ɗaya, giram 113 ke nan, rabin kofi. In sun ce zafi 350, ma'auninsu ne na Faranhait, a namu kusan 180 ne. Ki kuma karanta ƙananan bayanan da ke gefe: Fluke takan ce a danna fulawa a cikin kofi lokacin awo, wanda ke sa ta fi ta sauran littattafan girki yawa, kuma da yawa daga kwaɓinta sai an sa a firji ya yi sanyi kafin a gasa. A Minesota mai ƙanƙara ma ana haka, balle a zafin bazararmu inda bota ke narkewa kafin ki gama murzawa. Kada kuma ki haɗa bakar hoda da soda a matsayin abu ɗaya. Sodar tana buƙatar wani abu mai tsami a cikin kwaɓin, kamar nono ko jan sukarinsu mai danshi, in kin cire shi ba ki maye gurbinsa ba biskit zai yi ɗanɗanon sabulu.

Sai abin da ya shafi halal, wanda marubutan ba da mu suke lissafi ba. Wasu girke-girken na da giya, wasu naman alade ko kitsensa. Ruwan banila na asali da ake sayarwa a Amurka ma da barasa ake jiƙa shi, dokarsu ta ce kada barasar ta gaza kashi 35 cikin ɗari. Ki karanta jerin kayan haɗi tun daga sama har ƙasa kafin ki fasa ƙwai. Banila ta gari ko filebon da kika saba da shi zai wadatar, inda aka ce giya kuma sau da yawa ruwan lemo ko na tuffa yana tsayawa.

Inda nake da ja

Ba zan sayar miki da su a matsayin abin da ba su ba. Tun 1944 marubucin Amurka Raymond Chandler ya soki labaran bincike irin na Ingila da cewa sun mayar da kisa wasan falo, sun raba shi da mutanen da ke aikata shi da gaske. Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Akwai littafin da za ki ga an tsinci gawa da safe, da yamma ana raha kan irin kirim ɗin da za a shafa wa kek, kamar akuya ce ta mutu. Wannan yana ɓata min rai. Haka kuma dogayen jerin kan gaji: girke-girke su yi ta ƙaruwa, labari ya yi ta ramewa, jaruma ta shekara goma tana ruwan ido tsakanin manema biyu.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Jarumar Davidson ta fito ne daga auren likita mai dukan ta, kuma littattafan ba su ɓoye tabon ba. Sally Andrew ta Afirka ta Kudu, a littafinta na 2015, ta kawo wata dattijuwa mai rubuta shafin girki a jaridar wani ƙaramin gari a yankin Karoo, aka mayar da shafin na ba da shawara, sai wata mata da miji ke azabtarwa ta rubuto mata, daga baya aka kashe ta. Akwai abinci a kusan kowane shafi, amma mutuwar tana da nauyi. A 'yan shekarun nan kuma marubuta 'yan asalin Filifin da Sin a Amurka sun shigo da gidajen abincin iyayensu cikin reshen, suka faɗaɗa garin da a da kusan fararen fata ne zalla. Akwai ma taron masoya irin waɗannan labarai da ake yi duk shekara kusa da Washinton, inda ake ba da lambar yabo mai sunan Agatha. Kyautar kanta butar shayi ce. In kin ga an rubuta a bangon littafi cewa ya ci ta ko ya shiga takararta, galibi ba za ki yi asarar kuɗinki ba.

In za ki ci gaba, ki nemi littafin farko na kowane jeri, don a nan marubuciya ke zuba ƙarfinta, a nan kuma ake gabatar da mutanen garin. Ba sai Turancinki ya yi zurfi ba, harshensu mai sauƙi ne, hira ta fi yawa. Wajen gwajin girki kuma ki fara da biskit, ki raba awon biyu, ki gasa guda uku kacal a tiren farko ki ga yadda suka baje. In sun baje da yawa ki ƙara fulawa cokali biyu, ki mayar da kwaɓin firji na rabin awa kafin ki sake sawa.